Baƙon Sama a Gaɓar Kainji: Wa Zai Yi Tafinta?

A shekarar 1969 abubuwa uku suka faru waɗanda ba kasafai ake haɗa su a zance ɗaya ba. A farkonta Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar ruwa ta Kainji, bayan ruwan da aka tare ya riga ya shanye tsibirai da garuruwa tun daga tsohuwar Busa har cikin ƙasar Yauri. A watan Yuli Amurkawa biyu suka taka duniyar wata. A cikin shekarar ne kuma kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da littafin Umaru Dembo, *Tauraruwa Mai Wutsiya*, labarin wani yaro mai suna Kilba da ya gamu da Kolin Koliyo, baƙo daga sararin samaniya, wanda ya ɗauke shi suka yi tafiya cikin sama.

An haura shekara hamsin, amma duk sanda aka tambayi ɗalibin adabi ya kawo misalin ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa, wannan littafi ne ke fara zuwa bakinsa, sau da yawa kuma daga shi sai shiru. Rubutun Hausa bai yi ƙaranci ba. Tun daga adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 har zuwa littattafan da ake karantawa yau a waya, an rubuta soyayya, kishi, sarauta, yaƙi da aljanu ba adadi. Ƙofar da Dembo ya buɗe ce kawai masu bi ta cikinta suka yi kaɗan.

Wannan giɓi asara ce, domin labarin haɗuwar farko da baƙin wata duniya yana ɗauke da tambayar da mutanen ƙasar nan suka fi kowa sanin nauyinta: me talaka zai yi idan baƙon da ba ya jin harshensa, wanda kuma ya fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba, ya sauka a ƙofar gidansa? Idan ana neman inda za a kafa irin wannan labari, da wuya a sami wurin da ya fi gaɓar tafkin Kainji dacewa, wato Yauri, Ngaski da Shanga. Mutanen wurin sun ga irin wannan haɗuwa da idonsu, ba sau ɗaya ba.

Abin da labarin yake aunawa

Labaran zuwan baƙin sama kashi biyu ne. A kashi na farko, jirage sun rufe sararin manyan birane, shugaban ƙasa ya tara janar-janar da masana a ɗakin taro, a ƙarshe a gwabza yaƙi. Fim ɗin *Independence Day* na 1996 shi ne sanannen misali. A kashi na biyu, baƙon yana faɗowa ne hannun mutanen da ba kowa ba. A *E.T.* na 1982 yara ne suka ɓoye shi a ɗakinsu. A *Koi... Mil Gaya* na 2003, wanda masu kallon finafinan Indiya a Arewa suka sani sarai, Rohit da abokansa ne suka kare Jadoo daga 'yan sanda. A *Attack the Block* na 2011 samarin wata unguwar marasa galihu ce a kudancin Landan. A littafin Nnedi Okorafor, *Lagoon*, na 2014, baƙin sun sauka a tekun Legas, suka fara cin karo da mutum uku: masaniyar halittun ruwa, soja da mawaƙi ɗan Ghana.

Kashi na biyu ya fi zurfi. Hukuma tana da ƙa'idojin da za ta bi da makaman da za ta jingina da su. Talaka ba shi da komai a wannan lokaci sai tarbiyyarsa da abokan da ke tsaye kusa da shi. Shi ya sa abokai suka fi mutum ɗaya amfani a labarin. Mutum ɗaya ba shi da wanda zai yi gardama da shi, amma abokai uku za su rabu gida uku: wannan ya ce a ɓoye, wancan ya ce a kai wa hukuma, na ukun ya fara lissafin abin da za a samu in an sayar. Baƙon yana iya yin shiru daga farko har ƙarshe, amanar da ke tsakaninsu ce ake aunawa.

Akwai kuma wani abu game da asalin wannan fanni. Lokacin da H. G. Wells ya fitar da *The War of the Worlds* a 1898, tun a babin farko ya kwatanta mamayar da halittun duniyar Mars suka kawo wa Ingila da abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya. Ashe tun daga tushe, labarin baƙin sama labarin mulkin mallaka ne da aka juya, waɗanda suka saba zuwa ƙasar wasu da jirage suna kwatanta yadda za su ji in su aka zo wa. Baturen Ingila sai ya yi hasashe kafin ya rubuta wannan. Mutumin Yauri tarihinsa kawai zai waiwaya.

Jirgin da ya wuce a 1806

A watan Nuwamba na 1805 Mungo Park, ɗan Sikotilan, ya taso daga Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yau, a wani jirgi da ya harhaɗa daga tsofaffin kwalekwale ya sa masa suna Joliba. Daga cikin Turawa kusan arba'in da suka fara tafiyar, biyar ne suka rage da rai a lokacin. Nufinsa ya bi kogin Kwara har inda ya ƙare. Ya ɗauki shawarar kada ya riƙa sauka gaɓa, kuma a wurare da dama, da kwalekwale suka nufo shi, da harbi ya tarbe su. A farkon 1806 ya iso Yauri, inda yarjejeniyarsa da tafintansa, Amadi Fatuma, ta ƙare.

Abin da ya biyo baya an same shi ne daga bakin Amadi, wanda wani tsohon jagoran Park mai suna Isaaco ya nemo bayan shekaru. A faɗarsa, Park ya ba wani shugaban gari na bakin ruwa kaya ya kai wa Sarkin Yauri gaisuwa. Mutumin ya tambaya ko Turawan za su dawo, da ya ji ba za su dawo ba sai ya riƙe kayan, aka shaida wa sarki cewa baƙi sun wuce ba su yi gaisuwa ba. Sarki ya sa aka tsare Amadi, aka tura mayaƙa. A duwatsun Busa jirgin ya maƙale, aka yi faɗa, Park da sauran Turawan suka faɗa ruwa suka nutse. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan wannan ruwaya. A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo har birnin Yauri suka yi makonni suna neman takardun Park, ba su samu ba.

Duk kayan da marubucin labarin haɗuwar farko yake buƙata suna cikin wannan tarihi. Ga baƙo cikin jirgi mai siffar da ba a saba gani ba, da makamin da ya fi na 'yan gari. Ga tafinta da ya sauka, aka bar ɓangarori biyu ba mai jin wani. Ga kyauta da ta ɓata a hannun ɗan tsakani. Ga saɓanin fahimta a kan abin da ya zama wajibi: a wurin Park kogi hanya ce da yake aunawa, a wurin masu kogin kuwa ruwa yana da masu shi, mai wucewa yana da haƙƙin sallama da kuɗin fito a kansa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Park ya ƙara wa makantar rashin tsayawa ya yi tambaya.

Sai dai littattafan da duniya ta karanta game da wannan rana, da harshen baƙon aka buga su, kuma shi ne gwarzonsu. Masuncin da ya fara hango jirgin da asuba, da abokin da ya kira ya zo ya gani, da gardamar da suka yi kafin su je su faɗa wa manya, ba su sami ko layi ɗaya ba. Ƙagaggen labari shi ne hanyar da ta rage a mayar da ido wurin wanda ke tsaye a gaɓa.

Zuwan ruwa

Haɗuwa ta biyu akwai masu rai da suka shaide ta. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar Kainji, wadda kamfanonin Italiya suka yi aikinta. Tafkin da ya taru a bayanta ya haura kilomita 130 a tsayi, faɗinsa kuma ya wuce murabba'in kilomita 1,200. An tashi mutum fiye da 40,000 daga ɗaruruwan ƙauyuka da tungaye. Cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, wato tsibiri, mutanen da suka shahara da su da noman albasa na rani a bakin kogi. Akwai Kambari, Lopawa da Shangawa. Tsohuwar Busa, da duwatsun da suka ci Mungo Park, duk suna ƙarƙashin ruwa yanzu.

A duba lamarin da idon manomin tsibiri. Wata rana wasu mutane sun iso da na'urorin awo, suna duban gari ta cikin madubi, suna kafa alamu. Ta bakin tafinta sun ce nan da 'yan shekaru ruwa zai rufe gonaki, rumbuna da kaburburan kakanni, kuma zai tsaya daidai wurin da suka sa alama. Maganar ta fi kama da tatsuniya, amma ta tabbata. Aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje na siminti waɗanda wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, ya tsara, jere reras, ba irin ginin da suka gada ba.

Waɗannan baƙi ba mugaye ba ne, da yawansu ma 'yan ƙasa ne, kuma sun zo da abin da suka yi imani alheri ne. Wutar Kainji ta haska biranen Najeriya, ta ƙetara har Yamai. Kifi ya yi yawa a shekarun farko, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa, kafin kamun ya ja baya. Amma an yanke shawarar a Legas, an nemo bashin a ƙetare, waɗanda suka biya da ƙasarsu kuwa sanar da su aka yi. Dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, sai a 2010 aka yi ta, hukumar kuma ba ta kama aiki ba sai bayan wasu shekaru goma. Darasin da ke nan ya fi na finafinan yaƙi da dodanni tsoratarwa: baƙon da ya fi ka ƙarfi ba ya buƙatar ya ƙi ka kafin ya kife maka rayuwa. Ya isa a ce yana da shiri, kai kuma ba ka cikin waɗanda aka yi shawara da su.

Abin da ya taɓa faɗowa daga sama

Har yau kimiyya ba ta tabbatar da samuwar rai a wajen wannan duniya ba, ko da yake an gano duniyoyi sama da 5,000 da ke kewaya wasu taurari. Nisan ma ya isa ya sanyaya gwiwa. Tauraron da ya fi kusa da rana, haske yana shafe fiye da shekara huɗu kafin ya iso daga can, kumbon Voyager 1 kuwa da aka harba a 1977, da can ya nufa, sai ya yi sama da shekara 70,000 a hanya. Duk wanda ya iya ratso wannan tazara ya zo, fifikonsa a kan ɗan Adam zai ninka na injiniya a kan mai jigo.

Duk da haka ƙasar Hausa ta taɓa karɓar saƙo daga wata duniya. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, cikin lardin Katsina. Daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. An yayyanka shi, gutsattsarinsa sun bazu a ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a faɗin duniya, har an maƙala wani ɗan ɓarɓashinsa a jikin kumbon da Amurka ta tura Mars a 1996. Mutumin da dutsen ya kusa faɗa wa kuwa, a labaran da ake bayarwa, "wani manomi" ne kawai. A watan Nuwamba na 2023 an tsinci wani dutsen na Mars, mai nauyin kusan kilo 25, a jihar Agadas. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York a kan fiye da dala miliyan biyar. Kamfanin ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike.

Idan haka ake yi da dutsen da ba ya numfashi, mai rubuta labari ba ya buƙatar dogon tunani kafin ya san su wa za su iso gaɓar Kainji kwana uku bayan saukar baƙo mai rai, da kuma inda za a tura waɗanda suka fara ganinsa.

Abokai uku da matsalar harshe

A ƙaddara abokai uku da suka tashi tare. Ɗaya Basarke ne mai kamun kifi, ɗaya Bagunge mai noman albasa, na ukun yana tuƙa jirgin fito mai inji tsakanin Wara da ƙetaren tafki. Da dare, suna duba taru, wani abu ya sauko ruwa ba ƙara. Tambayoyin da za su biyo baya duk na gida ne. A fara sanar da Sarkin Ruwa ko mai gari, ko a kira 'yan sanda, in ma akwai sabis a waya? Baƙonka annabinka, to me ake shimfiɗa wa wanda ba a san abincinsa ba? In ya miƙo kyauta, karɓarta ya ƙulla wane alkawari? Jikan wanda aka tasa a 1968 ba zai saurari alkawarin baƙo da kunnen da yaron Kalifoniya zai saurare shi ba, domin ya ji daga bakin kakarsa yadda alkawari yake ƙarewa.

Sai batun tafinta, wanda shi ne zuciyar labarin. A jikin kumbon Voyager an maƙala faifai mai ɗauke da gaisuwa cikin harsuna 55, har da na Sumeriyawa da Akadiyawa da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Babu Hausa a cikinsu. Wasu ne suka zaɓi muryar da za ta wakilci duniya. Yankin Yauri kuwa makarantar tafinta ce: a kasuwa ɗaya ana iya jin Hausa, Gunganci, Kambarci, Fulatanci da Zabarmanci, kuma ba abin mamaki ba ne a sami mai jin uku daga ciki. Wanda ya saba ciniki da mutumin da ba su haɗa harshe ba ya fi janar sanin yadda ake fara magana daga nuni da hannu.

A nan akwai gaskiyar da marubucin Hausa bai kamata ya kauce mata ba. A wannan gaɓa, Hausa ma ta taɓa zama baƙuwa mai ƙarfi. Harshen Shangawa, wanda yake daga dangin harsunan Mande, masu magana da shi sun ragu ƙwarai, yara suna tashi da Hausa, haka kuma Gungawa da yawa. Labarin da zai nuna Bahaushe a matsayin wanda ake zo wa kullum, bai taɓa zuwa wa kowa ba, ya faɗi rabin gaskiya. Abokin nan Bagunge yana da abin da zai tuna wa sauran biyun game da yadda harshe yake haɗiye harshe ba tare da an zare takobi ba.

Masu ja da wannan ra'ayi

Za a ce mutanen karkara aljani za su kira baƙon, labarin ya koma tatsuniya. Lallai za su kira shi haka, kuma nan ne daɗin yake. Mai karatun Hausa ya saba da aljanu tun daga *Ruwan Bagaja* da *Ganɗoki* na shekarun 1930. Bambancin shi ne a labarin kimiyya abin al'ajabi yana da dalilin da za a iya bincika, sai an tambayi yadda yake aiki, me yake ci, me ke kashe shi. Gardama tsakanin mai cewa a kira malami da mai cewa a auna zafin ruwan ita kanta babi ce. Ta fuskar addini ma zancen ba baƙo ba ne, domin Imam Fakhruddin al-Razi, tun ƙarni takwas da suka wuce, ya tattauna yiwuwar samuwar wasu duniyoyi bayan wannan, yana kafa hujja da cewa ikon Allah ba shi da iyaka.

Za a kuma ce yankin yana da damuwar da ta fi wannan. Gaskiya ne. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da ɗari ya nutse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa. Bayan makonni uku 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Amma labari mai kyau ba ya tsallake waɗannan, a cikinsu yake tsayawa. Abokan da suka ga haske a kan ruwa da dare, tsoron farko da zai zo musu ba na halittar sama ba ne. Shakkarsu ta kiran hukuma tana da tarihi. Kuma baƙi masu na'urori ba su daina zuwa ba: zinariyar ƙasar Yauri tana janyo masu haƙa da masu jari, kowanne da takardarsa da alkawarinsa. Al'ummar da ta saba tambayar baƙo, ko a cikin labari, me ya kawo shi, me zai ɗauka, me zai bari, wa ya ba shi izini, ta fi kusa da yin tambayar ranar da ya zo da gaske.

Okorafor ta bayyana cewa fushin yadda fim ɗin *District 9* na 2009 ya siffanta 'yan Najeriya yana cikin abin da ya sa ta rubuta *Lagoon*. Wanda bai rubuta kansa cikin labarin gobe ba, wani zai rubuta shi, kuma ba lallai ya ji daɗin rawar da aka ba shi ba.

Aikin da ke gaban marubuta da masu shirya fim bai buƙaci kuɗin Hollywood ba. *E.T.* ma yawancinsa a cikin gida da bayan gari aka yi shi. Abin da ake buƙata shi ne zama a Yelwa, Wara da Shanga, a saurari tsofaffin da suka ga masu awo da idonsu, a ji kalmomin da suka yi amfani da su a ranar, da wanda ya gaskata, da wanda ya yi dariya, da wanda ya ƙi tashi sai da ruwa ya shigo tsakar gida. Yaron da yake da shekara goma a 1968 yanzu ya doshi saba'in. Waɗannan su ne ƙwararrun haɗuwar farko da ƙasar nan take da su, kuma kowace shekara suna raguwa.